Bakshot, AAA ko gudan dalma: wane harsashi ya dace da mazo da gada?

"Assalamu alaikum Baba. A Jos nake zaune, ina da 'yar gona a gindin duwatsun Shere. Na gaji bindiga mai baki ɗaya, geji 12, daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bana gada da mazo sun matsa wa wakena. Ina kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna harbin barewa da wani harsashi da suke kira bakshot, mu kuwa a nan AAA da BB muka fi gani. Wanne ya dace na saya, kuma daga wane nisa ake harbi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: wace dabba za ka harba, da wane harsashi, kuma daga taku nawa. Ta ukun ita ce uwa, ita kuma matasa suka fi rainawa. Na yi shekaru ina bin mahaifina daji tun ina riƙe masa gora, daga baya na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma cikin duk naman da na ga ya lalace a hannun maharba, kaɗan ne ya lalace saboda sunan harsashi. Mafi yawa nisa ne ya ci su.

Bari na fara gyara maka wani abu. Dabbar da kake gani a bidiyon nan ba barewarmu ba ce, rashin wani suna ne ya sa muke ce mata barewa. Tasu ƙahonta rassa ne da shi kamar busasshen itace, kuma duk shekara yana faɗuwa wani ya tsiro. Namu kuwa, barewa da mazo da gada da gwanki da kanki, ƙahonsu ba ya faɗuwa har mutuwa. A duk Afirka babu irin tasu ta asali sai a tsaunukan Atlas, wajen Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Namijin tasu, mai farar wutsiyar nan da aka fi harbi a Amurka, yakan kai kilo 60 zuwa sama da 100. Mazo namiji yana tsakanin kilo 40 da 80, macen ba ta kai haka ba kuma ba ta da ƙaho. Gada kuwa da wuya ta wuce kilo 25. Saboda haka darasin da za ka ɗauka daga wurinsu ya fi dacewa da mazo. Barewa ta ainihi, mai jan goshi, ta can sahel ce wajen Yobe da Borno, ta yi ƙaranci ƙwarai har masu lura da namun daji na duniya sun sa ta cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. In Allah ya haɗa ka da ita, ka kalle ta ka wuce.

Takarda kafin harsashi

Na san ba wannan ka tambaya ba, amma da ɗan cikina ne ya zo mini da maganar nan, daga nan zan fara masa. Lasisin bindiga sunan mutum ne a jikinsa, ba a gadonsa kamar gona. Wanda mahaifinka ya riƙe ya tafi tare da shi. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin taka mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka da 'yan'uwanta da ake ɗura wa albarushi ta baki, su kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da nasu. Harsashi ma yana ƙarƙashin dokar nan, riƙe shi ba tare da lasisi ba laifi ne mai zaman kansa. Ka ɗauki tsohuwar takardar mahaifinka ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji matsayin bindigar kafin ka fita da ita ko ƙofar gida.

Izinin bindiga kuma daban, izinin farauta daban. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa sun jera waɗanda ba a taɓa su sam, da waɗanda sai da takarda. Sashen gandun daji na jiha shi zai faɗa maka inda mazo da gada suka faɗa a yau, ya kuma faɗa maka yadda ake yi da dabbar da ke ɓarna a gona. Wuraren da aka keɓe, kamar Pandam a ƙaramar hukumar Qua'an Pan, da gandun namun daji na cikin Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da dajin Amurum na Laminga wanda ba shi da nisa da gonarka, babu zancen harbi a cikinsu ko a bakinsu.

Sannan ka san garin da muke. A Filato, mutum da bindiga a bayan babur da magariba ba mafarauci ba ne a idon wanda ya hango shi, sai an bincika. Kowa ya ji kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Ka sanar da mai unguwar wurin, ka sanar da sarkin baka, maƙwabtan gonarka su san fuskarka da ranar da za ka fito.

Abin da ke cikin kwanson

Geji 12 da ake faɗa ba inci ba ne, ba milimita ba. Tsohon lissafin Ingila ne: in aka narkar da dalma laba ɗaya aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika bakin bindigar cif. Faɗin ramin ya kama milimita 18 da rabi. Shi ya sa geji 20 ta fi geji 12 ƙanƙanta, abin da ke rikita sababbin shiga.

Kwanson harsashin kuma kusan nauyin dalma ɗaya yake ɗauka ko da wane suna aka rubuta masa, wajen giram 28 zuwa 36. Bambancin shi ne gida nawa aka raba dalmar. Haruffan da muka saba da su, BB da AAA, sunayen Ingila ne. Ƙwayar BB ta Ingila milimita 4 ce da ɗan ɗori, nauyinta bai kai rabin giram ba, ana samun kusan 70 a giram 28. Ƙwayar AAA ta ɗan haura milimita 5, nauyinta kusan giram 0.8, ana samun wajen 35. Daga nan sai SSG, kusan milimita 7, sai SG mai milimita 8.4. Wannan SG ɗin ita ce Amurkawa ke rubuta wa 00, ita ce bakshot ɗin da kake ji a bakinsu. A kwanso mai tsawon milimita 70 ƙwaya 9 kacal ake sa wa, kowace giram 3 da rabi. Amurkawan suna kuma da mai lamba 1 wanda ƙwayarsa milimita 7.6 ce, guda 16 a kwanso, da mai lamba 4 mai ƙwaya 27, da 000 mai ƙwaya 8.

To ka auna da kanka. Ƙwayar SG guda ta fi AAA huɗu nauyi, ta kai BB takwas. Duka suna barin bakin bindiga da gudu kusan ɗaya, wajen mita 400 a daƙiƙa, amma ƙwaya mai zagaye ba ta iya yanka iska, kuma ƙaramar ta fi saurin gajiya. Ka jefa tsakuwa, ka jefa yashi da ƙarfi ɗaya, ka ga wanda zai yi nisa. Abin da ke kayar da dabba kuwa shi ne ƙwaya ta huda fata, ta ratsa nama da haƙarƙari, ta isa huhu ko zuciya. Ƙwaya 20 da suka tsaya a ƙarƙashin fata ba su kai uku da suka shiga ƙirji aiki ba.

Ga yadda ni nake raba su. BB na zabo ne da agwagwar ruwa da zomo da gafiya. Kada ka nuna shi ga mai kofato. AAA yana kayar da gada in an kusa, taku 20 zuwa 25, kuma shi ya sa maharbanmu suka amince da shi har suka ɗauka na kowace dabba ne. Ga mazo kuwa, AAA harsashin jikkatawa ne, sai dai in dabbar tana gabanka kamar ka miƙa hannu. Mazo na SG ne, ko SSG a kusa, ko gudan dalma wanda zan zo kansa.

Ƙasashen da suka daɗe suna rubuta dokar farauta ma ba su haɗu a kan bakshot ba. A Jamus an hana harbin duk mai kofato da harsashi mai ƙwayoyi. A Suwidin da Danmak an yarda a harbi ƙaramar barewarsu, wadda girmanta bai fi na gada da yawa ba. A Ingila dokar 1991 ta hana, sai ga manomin da dabbar ke yi wa ɓarna, shi ma da sharuɗɗa. A Amurka kowace jiha da tata: Ilinoi da Ayowa gudan dalma kawai suka yarda da shi a irin bindigarka, su kuwa jihohin kudu maso gabas, irin su Bajiniya da Karolina, bakshot al'adarsu ce, domin da karnuka suke koro dabbar cikin surƙuƙin daji mai fadama, ta ɓullo wa mutum a taku 20 tana gudu. Masu bidiyon da kake kallo yawancinsu daga irin wuraren nan suke. Ba su nuna maka waɗanda suka harba suka tsere.

Maganar nisa

Ƙwayoyin suna fita a dunƙule, sai su riƙa buɗewa kamar an watsa iri. Tsohon ƙiyasin maharba shi ne, a bindigar da bakinta ba shi da matsi, suna buɗewa kusan inci ɗaya a kowane yadi. A yadi 30 ke nan sun bazu a fili mai faɗin kusan inci 30, wato faifai babba ya yi kaɗan, sai dai a ce murfin duro har da ɗori. Wurin da ake so a samu a jikin mazo kuwa, bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, bai fi farantin cin tuwo ba, kamar santimita 20. Ka watsa ƙwaya 9 a kan murfin duro ka ga nawa za su faɗa cikin farantin. Wataƙila biyu, wataƙila ɗaya, wataƙila babu. Sauran kuma ba ɓacewa suke yi ba, suna samun tumbi da cinya da muƙamuƙi.

Matsin bakin bindiga yana rage wannan bazuwa. Yawancin masu baki ɗaya da iyayenmu suka saya bakinsu a matse yake sosai, domin tsuntsu aka yi su. Sai dai manyan ƙwayoyi ba kullum suke son matsi mai yawa ba. Suna cunkushewa a wurin fita, dalmar ta lotse, wadda ta lotse kuma ba ta tafiya miƙe. Na ga bindigar da matsakaicin matsi ya fi ba ta haɗin kai da SG. Na kuma ga bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, kowace da halinta. Akwai harsasan zamani da ake lulluɓe ƙwayarsu da jan ƙarfe a zuba wani gari a tsakani don kada su lotse, suna riƙe kansu fiye da na da. Amma babu wanda zai faɗa maka halin bindigarka daga nesa, har ni.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In takardunka sun kammala, ka nemi kwalin firiji ko ka buɗe kwalaye ka haɗa su su kai mita ɗaya kowane gefe. Ka kifa farantin silba a tsakiya ka zagaye shi da gawayi. Ka kafa kwalin a gaban tudun ƙasa mai laushi, irin jibgin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari, ba gaban dutse ba. Ka ƙirga taku 20, ka yi saiti a tsakiyar da'irar, ka harba. Ka je ka ƙirga hujin da ke cikin da'irar, ka zagaye kowane da biro, ka rubuta nisan a gefe. Ka sake sau biyu da sabon kwali. Sannan taku 25, sannan 30, sannan 35. Zai ci maka harsashi goma sha wani abu, na san kuma ba araha suke ba, amma ba su kai kuɗin mazo ɗaya da ya ruɓe a kurmi ba.

Abu biyu za ka gani. Na farko, wataƙila bindigar ba ta zuba ƙwayoyinta inda kake kallo. Ta mahaifina sama take ɗauka da ɗan hagu, kusan tafin hannu a taku 25, shi ya san haka a jikinsa bai taɓa faɗa mini ba, sai kwali ne ya tona. Na biyu, za ka ga nisan da hujin cikin da'irar ya fara kasa uku ko huɗu. Nisan da ke kafin wannan shi ne iyakarka. Ba wanda ya yi kyau sau ɗaya ba, wanda ya yi kyau duk sau ukun. Ga mafi yawan bindigogin da na gwada da SG, iyakar tana faɗawa tsakanin taku 25 da 30. Turawa sukan ce yadi 40, ni ban yarda da 40 ba sai kwalin ya nuna mini.

Ka kuma koyi ƙirga nisa da ido. A fili irin na Filato, da hazon hunturu da duwatsun da ba ka san girmansu ba, taku 50 kan yi kama da 30. Tun da gonarka ce, ka sauƙaƙa wa kanka: daga inda za ka zauna, ka kafa 'yan turaku a taku 20 da taku 30. Abin da ke bayan turken ƙarshe ba naka ba ne.

Zan ba ka labarin abin da ya koya mini wannan. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da sanyin asuba a ƙarshen kaka, na hango namijin mazo a bakin wani rafi, ƙahon nan a murɗe, fararen ɗigon nan a cinya. AAA ne a bindigar. Zuciyata ta ce taku 35 ne. Da na taka daga baya, 52 na ƙirga. Na danna kunama, ya yi tsalle ya ƙanƙame bayansa, ya yi haushin nan nasu mai kama da na kare, ya faɗa kurmi. A wurin da ya tsaya na tarar da gashi kaɗan da ɗigon jini baƙi-baƙi haɗe da ɗanyar ciyawa da aka tauna. Mahaifina ya durƙusa ya shafa da yatsa ya sansana, bai ce mini komai ba sai "tumbi". Mun bi sawu har azahar, muka koma washegari. A rana ta uku ungulaye ne suka nuna mana shi, ya kumbura a cikin gwangwala, bai fi tafiyar minti goma daga inda muka juya ba. Tsohon ya sa na tsaya na fede gefen da na harba da hannuna, cikin warin nan. Ƙwaya bakwai na ciro a ƙarƙashin fata, sun tsaya kamar ƙurji. Biyu ne kawai suka shiga, su ma cikin hanji. Shekara guda bai sake ba ni bindigar ba.

Daga nan ka ɗauki karatun jini. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, dabbar ba za ta yi nisa ba, ka ba ta kamar rabin awa. Baƙi-baƙi, hanta ce ko tumbi, in ka bi ta nan take za ka tashe ta ta yi ta gudu, gara ka jira sa'o'i. Namijin mazo da aka jikkata kuma ba abin wasa ba ne. Yakan laɓe a duhuwa ya taso wa kare ko mutum da ƙaho, kada ka kutsa masa kai da bindiga a rataye.

Gudan dalma

Akwai harsashin da maimakon ƙwayoyi dunƙule ɗaya ne a ciki, wajen giram 28, Turawa na ce masa sulog. Iri biyu ne suka dace da bindiga mai santsin ciki irin taka. Akwai ƙirar Brenneke, wadda wani Bajamushe Wilhelm Brenneke ya fito da ita a 1898, da ƙirar Foster ta Amurka ta shekarun 1930, mai rami a gindi da nauyi a kai, don ta tafi da kai gaba kamar ƙwallon badminton. Akwai na uku mai rigar roba, amma na bindigar da aka yi wa zare a cikin bututu ne, a taka ɓarnar kuɗi ne. Shi wannan na ukun ban yi aiki da shi da hannuna ba, ba irin bindigoginmu ba ne.

In ka tambaye ni, ga mazo gudan dalma ya fi bakshot gaskiya. Ko ka samu ko ka kuskure, kuma in ya samu ƙirji magana ta ƙare. Yana aiki har taku 50 zuwa 60 a hannun wanda ya saba. Matsalarsa uku. Bindigarka ɗan ƙulli ɗaya ne da ita a kan hanci, ba a yi ta don saitin daidai ba, sai ka koma wa kwali ka ga ko za ka iya sa uku a jere cikin farantin. Na biyu, baki mai matsi sosai ba ya son sa, tsohuwar bindiga kuma ba a yi mata ganganci, sai wanda ya san aikin bindiga ya duba ta. Na uku, dukansa a kafaɗa ba kaɗan ba ne, bindiga mai baki ɗaya kuma ba ta da nauyin da zai shanye shi, har mutum ya fara runtse ido kafin ya danna. Ga gada kuwa ya yi yawa, rabin naman zai tafi.

Tun da mun zo kan lafiyar bindiga, ka duba rubutun da ke jikin bututun kusa da inda ake sa harsashi. Za ka ga 70 ko 76, a tsofaffin na Ingila har 65. Tsawon kwanson da aka yi ta dominsa ke nan. Mai tsawon 76 zai shiga ɗakin 70 lafiya lau, domin kwanson a naɗe yake, amma in ya tashi buɗewa ba shi da wuri, ƙarfin sai ya koma wa ƙarfen da fuskarka. Ka guji harsashin da aka sake ɗurawa a gida, musamman wanda ake cusa wa ƙwayar boris ko yankakken rodi. Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, yana ƙarce bututu yana kumbura baki. Na taɓa kai wani abokin farauta asibiti da yatsu biyu a naɗe cikin hula saboda irin wannan. Harsashin da ya sha damina a ƙarƙashin gado har gindinsa ya yi tsatsa ko kore, shi ma ka rabu da shi.

Abin da ke bayan dabbar

Ƙwayar da ta gaza kashe mazo a taku 60 ba ta gaza kashe yaro ba. SG na iya tafiya fiye da mita 500 in bakin bindiga ya ɗaga, gudan dalma kuma ya kusa kilomita. Cikin tara da ka saki, ko ka yi sa'a, huɗu ko biyar wucewa za su yi. Ƙasarmu kuma ta dutse ce, ƙwaya mai zagaye in ta daki falalen dutse ko fuskar ruwan kududdufi takan karkata ta nufi inda ba ka zata ba. Kada ka harbi dabbar da ke tsaye a kan tudu sararin sama na bayanta. Ka zaɓi mazauni mai ɗan tsayi yadda harbinka zai gangara cikin ƙasar gonarka.

Farautar dare da fitilar goshi kuwa, ban da cewa doka ba ta yarda da ita ba, takan jefa maharba cikin shari'ar kisa. Ido biyu ne kawai ke ƙyalli, na gada ne ko na maraƙin makiyayi ko na karen wanda ke gadin gonarsa yana kwance kusa da shi, ba ka sani ba. A wannan yankin namu kuma ka san abin da saniya ɗaya ke iya jawowa. Mazo da gada suna fitowa da asuba da kuma gab da magariba, akwai hasken da zai ishe ka ganin dabbar gaba ɗayanta. In ba ka ga kafaɗa ba, ba ka ga komai ba. Ka jira ta ba ka gefe, tana tsaye, ka sa saiti daidai bayan ƙafar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. Macen da ke tafe da ɗa, ko wadda cikinta ya sauko, ka bar ta ta ci waken.

Nama

Ni ba malami ba ne, amma abin da muka tashi a kai shi ne a yi bisimilla lokacin danna kunama, in kuma an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta nan take, don haka wuƙarka ta kasance a kugu da kaifinta. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa ya mutu, na biyun mushe ne. Malaman Malikiyya na baya da yawa sun halatta abin da dalmar bindiga ta kashe saboda tana hudawa tana zubar da jini. Dabbar da ta kwana ba a gan ta ba kuma tana da nata hukuncin, wannan ka zauna da malaminku.

Sai dalmar kanta. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana bayanin gubarta bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga ƙasar zinariya ta fito. Ƙwayar da ta daki ƙashi tana farfashewa, ɓarɓashin ya bazu a nama fiye da inda ido ke gani, kuma dafuwa ba ta kashe shi, miya mai tsami ma narkar da shi take ƙara yi. Saboda gubar nan Danmak ta hana ƙwayar dalma tun 1996, Kalifoniya kuma ta hana duk harsashin dalma a farauta daga 2019. In ka fede, ka bi hanyar kowace ƙwaya ka ciro ta, ka yanke naman da ke kewaye da ramin kamar faɗin yatsu uku, duk inda ya yi baƙi ko jini ya kwanta. Abin da ka yanke da kayan cikin da harbi ya taɓa ka binne su da zurfi, kada ka jefa wa kare, kada ka bar wa ungulu, su ma tana kashe su. Yara ƙanana da mai ciki kuma a ɗebar musu daga cinyar da harbi bai je kusa da ita ba.